Ɓera Mai Launin Toka na Kaka Heizo

Asahikawa, 12 ga Maris, 2006

Goggo Michiyo,

Kin taɓa ganin dattijo yana wanke akwatin gilashi wanda babu kowa a ciki? Kowace safiya ya zuba sabon yashi, ya canja ruwan kwalba, ya tsaya yana kallo, alhali dabbar ta daɗe da mutuwa? Ni na gani, wata goma ina gani. Baffanki ne, kakana Heizo.

Na san ba haka ake fara wa babba wasiƙa ba. To ga gaisuwar. Ina fatan kina lafiya, ke da Kawu Noboru, da fatan jikinsa da sauƙi. Mu nan ƙanƙara ba ta narke ba, Baba yana fama da bayansa, ni kuma ina nan wurin gyaran taya. Rintaro ne, ɗan Kazuo, wanda ya zubar miki da shayi a riga ranar jana'izar tsohuwa Haru, matar Kaka. Kin ce in ƙyale, zai fita. Ban sani ba ko ya fita.

Furannin da kika turo da Kaka ya rasu a Disamba sun iso, mun gode. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Shi ba zai taɓa faɗa miki ba, Baba kuma ya ce abin kunya ne, a bar shi. Ni ba zan bar shi ba.

Shekara ashirin da biyu Kaka yana kiwon ɓerayen yashi, zuriya ɗaya, bai taɓa shigo da baƙo ba. Dukansu launin yashi ne, cikinsu fari. Duk wanda aka haifa sai ya rubuta a littafinsa, ya kai ƙungiyar masu kiwo, shugabansu Shibayama ya buga hatimi. A Afrilun shekarar da tsohuwa ta rasu, wata mace ta haifi biyar. Huɗu yashi. Na biyar ya fito launin toka, baƙin ido, babu ɗigon ja ko ɗaya a gashinsa. Kaka ya ɓoye shi a aljihun kwat ya kai wa tsohuwa asibiti. Ta ce ɓeran ya fi shi kyau, ya kuma fi shi gashi. Suka sa masa suna Toka.

A taron ƙungiyar na Oktoba Kaka ya kai shi baje koli. Shibayama ya ɗora shi a tafin hannu, ya juya shi, ya ce a gaban mutum arba'in wannan launin na ƙasar waje ne, yashi da yashi ba sa haifar toka, sayo shi aka yi aka cusa cikin 'ya'yan don neman suna. Ya buɗe littafin ƙungiya ya ja layi a kan sunan Kaka. Ina wurin, ina riƙe masa kwat. Kaka ya sunkuya ya ce, "Na ba ku wahala." Shi ke nan. Haƙuri ya ba su, Goggo.

Daga nan ya raba maza da mata, ya daina haɗawa. Toka ya mutu a sanyin shekarar. Sauran kin ji.

Na bar makaranta ina ɗan shekara sha shida, amma ɗakin karatu na gari ba ya tambayar takardar shaida. Wata uku ke nan ina karanta yadda 'ya'ya ke gadon kamanni. Ga abin da na gano. Kowane ɓera yana ɗauke da ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ta yashi ta fi ƙarfi. In ta haɗu da ta toka sai ta danne ta, ɓeran ya fito yashi kamar ba komai, amma tokar tana nan a jininsa, yana miƙa wa 'ya'yansa. Tana iya shekara ashirin a ɓoye. Sai ranar da uwa ta ba da toka, uba ma ya ba da toka, ranar za ta fito. In iyaye biyun suna ɗauke da ita, cikin 'ya'ya huɗu ana sa ran ɗaya. Wannan a littafin 'yan sakandare yake. Shugaban ƙungiya guda bai karanta shi ba, kuma aka bar shi da biro a hannu.

Ɗaya ta rage mini, Kinako, ciki ɗaya da Toka amma launin yashi. A littafin Kaka na ga ya ba ki mace da namiji shekara uku da suka wuce, ga hatimin Shibayama a gefe. In namijin yana raye, ki ba ni aronsa. In biyun nan, masu hatiminsa, suka haifi toka, sai in ga abin da zai ce.

Kinako ta kusa shekara biyu. Daga nan mace ta daina haihuwa. Ki taimaka ki amsa da wuri.

Rintaro

Asahikawa, 29 ga Afrilu

Goggo Michiyo,

Ina gaishe ki da Kawu. Ina fatan hidima ce ta riƙe ki ba ciwo ba. Nan ƙanƙara ta narke, kowa ya tuna yana da tayar sanyi da zai cire, layin motoci har bakin titi, hannuna duk ya tsage. Baba na nan yadda yake.

Mako bakwai ke nan. Na je gidan waya na tambaya ko wasiƙa kan ɓata tsakanin nan da Nobeoka, mutumin ya kalle ni kamar na zagi iyayensa.

Baba ya ce na zubar mana da mutunci, wa ke rubuta wa dangin da ya gani sau biyu a rayuwa yana roƙon ɓera? Na ce masa ɗan wanda ya ji an kira ubansa maƙaryaci ya ci gaba da cin shinkafarsa. Kwana huɗu ba mu yi magana ba.

In ɓeran ya mutu, kalma biyu sun isa, ki ce ya mutu. In kuwa kina ganin jikan Heizo ya zautu, ki faɗa kai tsaye, ba ke ce ta farko ba. Shirun ne ba na so. Shiru na ƙoshi da shi a gidan nan.

Kinako ta cika biyu ranar Talata. Ni ina da lokaci. Ita ba ta da shi.

Rintaro

Nobeoka, 8 ga Mayu

Rintaro ɗana,

Wasiƙunka biyu sun iso, ka yafe mini jinkirin. Nan zafi ya fara, lemun bayan gida ya nuna. Kawunka yanzu yana iya riƙe cokali da hagu, bakin kuwa bai taɓa shanyewa ba. Ka gaishe mini da babanka, kuma ka daina yi masa irin wannan magana. Shayin ya fita tun ranar.

Namijin yana raye. Goro muke ce masa. Macen, Mame, ta mutu bara. Ya tsufa, barci ya fi yawa, amma har yanzu yana cinye kwali guda a yini.

Ban san abin da aka yi wa Baffa ba. Ko kaɗan ban sani ba. Na karanta wasiƙarka ta farko sau ɗaya, ban iya sake buɗe ta ba.

Ba zan iya barin Kawunka ba, kuma ba zan sa Goro a jirgi shi kaɗai ba. In kana so, ka zo ka ɗauke shi. Amma da ana jin roƙona, da na ce ka bar maganar nan. Abin da za ka samu ba zai kai ga wanda ya buƙace shi ba.

In an haihu, kada ka turo mini hoto.

Goggonka,
Michiyo

Asahikawa, 11 ga Yuni

Goggo Michiyo,

Mun iso lafiya ni da Goro tun makon jiya na sama, ban samu zama na rubuta ba sai yau. Lemun ya iso shi ma, Baba ya cinye rabi bai tambayi daga ina yake ba. Ki gaida Kawu. Ki ce masa ban manta ba. Ina shiga ya ce, "Kai ne ka ƙetare ƙasar nan kaf saboda ɓera? Ni shekara talatin surukaina ba su zo ganina ba." Na ce ai shi ba shi da launin da nake nema. Ya shafa kansa ya ce in toka nake so ga ta nan, in aske in tafi da ita, kyauta. Ban yi dariya irin wannan ba tun rasuwar Kaka.

Ke kuwa, Goggo, kin ciyar da ni har na kasa tashi, amma ba ki kalle ni sau ɗaya ba. Da na buɗe littafin Kaka a kan tebur in nuna miki rubutunsa, sai kika tuna tukunya tana wuta. Babu tukunya a wuta, na duba da zan wanke hannu. Da zan tafi kika miƙa mini akwatin kina kallon takalmana.

Na yi ta juya layukanki a jirgi. Ka bar maganar nan. Kada ka turo mini hoto. Na gane. Kina ganin Shibayama yana da gaskiya, kina tsoron in tono abin da zai ƙara ba mu kunya, kuma kin fi ƙarfin ki faɗa wa yaro a fuska. To ba komai. Kin ba ni Goro, na gode, ba sai kin ba ni yardarki ba.

Ba a jefa baƙon namiji wurin mace haka kawai, kashe juna za su yi. Na raba akwatin gilashin Kaka gida biyu da ragar ƙarfe, Goro a dama, Kinako a hagu. Sau uku a rana ina musanya musu wuri, kowa ya kwana a sheƙar ɗan'uwansa har warinsu ya zama ɗaya. Kwanakin farko Kinako ta yi ta buga ƙafa tana cizon ragar. Goro ko a jikinsa, ya je ya kwanta a sheƙarta kamar gidan ubansa. Jiya na same su suna barci jikin raga, baya da baya. Yau da safe na cire ta. Ta shinshine shi, ta danne masa kai ta fara gyara masa gashi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban tabbata suna ɗauke da tokar ba. Ita, a lissafi, kashi biyu cikin uku. Shi ban sani ba. Abin da nake da shi ke nan, shi zan yi aiki da shi.

Rintaro

Asahikawa, 27 ga Yuli

Goggo Michiyo,

Ina gaishe ki da Kawu. Ina fatan zafin can bai yi masa yawa ba. Mu lafiya.

Goro ya mutu shekaranjiya. Na dawo cin abincin rana na same shi a kwance a bakin sheƙa, 'ya'yan suna hawa kansa. Bai nuna alamar ciwo ba. Na ce aro, ga shi ba zan iya mayar miki ba. Na binne shi a gindin bishiyar da Kaka ke binne nasa. Ki yafe mini.

Kinako ta haihu ran sha biyu ga wata. Uku kacal. Suna fitowa tsirara, jajaye, ba ka gane komai sai gashi ya fara tsirowa. Kwana tara ina zuwa da fitilar aiki ina duba bayansu. Kin ce kada in turo hoto. Babu abin turowa. Yashi, yashi, yashi.

Na san abin da littafi zai ce. Uku ba hujja ba ce, ɗaya cikin huɗu ba alkawari ba ne, ana iya haihuwa goma ba a gani ba. Na karanta, na haddace, zan iya karanta miki a tsaye. Amma uban ya mutu, uwar ta tsufa, babu na goma.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Jiya na ɗauko littafin Kaka na sake duba shafin Afrilu. Sunan Toka da wani biro aka rubuta shi, tawadar ta fi ta sauran huɗun duhu. Na ga wannan tun farko, na ce biron ne ya ƙare. Jiya sai na ji ina tambayar kaina, in fa ba biron ba ne? Tsohuwa tana kwance, likita ya gama magana, Kaka yana so ya kai mata abin da zai sa ta dariya. Akwai wani shago a Sapporo da ke shigo da dabbobi daga waje. Wa zai ga laifinsa? Sannan maganar ta fi ƙarfinsa, ya kasa janyewa. Ko shi ya sa ya ba da haƙuri a taron? Mutumin da aka yi wa ƙazafi yana sunkuyawa haka?

Na tsani kaina da na rubuta wannan. Na tsaya gaban hotonsa zan kunna turare, na kasa ɗaga ido.

Wataƙila ke ce mai hankali a dangin nan. Kin ce in bari ban bari ba. Da na bari, da har yanzu ina da kaka mai gaskiya.

Rintaro

Nobeoka, 9 ga Agusta

Rintaro ɗana,

Wasiƙarka ta iso. Kawunka lafiya, ya ce in faɗa maka Goro ya yi mutuwar da shi ma yake so, bayan sabon aure. Kada ka damu da shi, ya yi kwanansa. Ka gaida babanka.

Ka ajiye abin da ke hannunka ka zauna. Baffa bai yi ƙarya ba. Ni na sani, kuma tun Maris na sani.

A cikin ambulan nan akwai kati da hoto manne a jiki. Ka dubi hoton. Goro ne da Mame da 'ya'yansu huɗu. Ka dubi ta gefen hagu, launin toka ce. Sannan ka dubi kwanan watan da kyamara ta buga a ƙasa, ashirin da shida ga Satumba, shekarar da tsohuwa ta rasu. Mako uku kafin taron da ka faɗa.

Ban san me ake nufi da launin ba. Na zaci ni na ɓata su, ko irin furen sunflower da nake ba su ya yi musu yawa, ko na ajiye su a rana. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, don tana da kyau. Na ce zan tambayi Baffa. Ka san ni da shi ba ma waya, sau ɗaya muke magana a shekara, a katin sabuwar shekara. Shekara ashirin haka muke, layi uku ni, layi uku shi. Na wanke hoton na ajiye don katin. Sai takardar makoki ta zo daga gidanku, kamar yadda ya kamata. Ba a aika katin murna gidan da aka yi rasuwa. Ban aika ba.

A ƙarshen Janairu na tura masa katin gaisuwar sanyi. Na ɗauki biro in ƙara layi ɗaya, sai na ce wace irin mace ce za ta yi wa mutumin da ya rasa matarsa zancen ɓera? Na rubuta ya kula da jikinsa. Na ce sai baɗi.

Baɗi ta zo. Na rubuta katin nan ran shida ga Disamba. Gidan waya ba sa karɓar katunan sabuwar shekara sai sha biyar ga wata, na ɗora shi a kan tarin sauran ina jira. Ran tara babanka ya kira, ya ce Baffa ya rasu.

Da wasiƙarka ta farko ta zo, na kai inda ka ce launin toka, baƙin ido, sai na zauna a ƙasan kicin. Wata goma yana wanke akwati babu kowa, maganinsa yana ɗakina yana cin kwali. Ban iya rubuta maka ba. Na ce in na ba ka Goro za ka samu abin da kake nema ba sai na buɗe baki ba, don na san yana ɗauke da ita. Na ce kada ka turo hoto saboda ina da nawa, kuma ba na iya kallonsa.

Akwai wanda ya fi wannan. Tana raye. Kumo muke ce mata. Ranar da ka zo, da sassafe na ɗauki akwatinta na kai gidan maƙwabciya. Kana zaune kana nuna mini rubutun Baffa, tana bayan katanga ɗaya da kai. Kawunka ya ce mini bayan ka tafi, "Michiyo, shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin kin yi abin da ba shi da kyau ba sai yau."

Na bar ka ka ƙetare ƙasa, na bar ka ka yi shakkar kakanka, don kada ka kalle ni yadda kake kallon Shibayama. Ba na neman ka fahimta. Obon ya kusa, bikin da ake tarbar waɗanda suka rasu, Baffa zai zo gida. Ka ajiye masa katin, nasa ne.

Goggonka,
Michiyo

A jikin katin, ƙarƙashin hoton: Baffa, barka da sabuwar shekara. Dubi abin da Goro da Mame suka haifa bara. Ni na ɓata maka su, ko haka suke yi?

Asahikawa, 10 ga Satumba

Goggo Michiyo,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu. Nan safiya ta fara sanyi. Baba lafiya. Ni ma, in an tambaya.

Wata guda ban amsa ba, yanzu kin ɗanɗana. Na rubuta miki uku na yaga. Ta farkon da kin karanta da ba ki sake kiran sunana ba. Katanga ɗaya, Goggo. Na ci shinkafarki kwano uku.

Na ajiye katin gaban hoton Kaka ranar farko ta Obon. Baba ya zo kunna turare ya gani, ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Ya fita ya zauna a mota bai tayar ba. Da ya dawo ya tambaye ni, "Ɗaya cikin huɗu ka ce?" Na ce e. Ya ce in sake yi masa bayani, a hankali. Na yi masa da wake, fari da ja, a kan tebur.

Ran sha tara ga Agusta Kinako ta sake haihuwa. Na ga tana ƙiba na zaci abinci ne. Ashe waɗannan dabbobin ranar da mace ta haihu ranar suke sake haɗuwa, Goro ya bar saƙonsa kafin ya tafi. Wannan ma yana littafi, na tsallake shafin don ina sauri. Biyu ta haifa. Na ƙi zuwa da fitila, na ce abin da zai fito ya fito. Ran kwana tara na ɗaga sheƙar zan canja takarda. Ɗaya yashi. Ɗayan toka, babu ɗigon ja.

Wata shida ina tsara yadda zan yi ihu a ranar. Ban yi ba. Na zauna a ƙasa na riƙe shi, bai kai babban yatsana ba, na juya in nuna wa wani. Kin faɗa mini tun Mayu cewa ba zai kai ga wanda ya buƙace shi ba, na ce kina bayan Shibayama.

Tambayarki ta jikin kati, tunda shi ba zai amsa ba: haka suke yi. Ba ki ɓata komai ba.

Ban ce na huce ba. Amma na zauna na ƙirga. Ke kin yi shiru saboda ladabi. Baba ya yi shiru saboda kunya. Kaka ya sunkuya don kada ya ɓata wa mutane taro. Ni kuma, mai baki, ina tsaye da kwat a hannu ban ce uffan ba, kuma ɗakin karatun nan minti goma ne daga gidanmu, wata goma sha huɗu ban shiga ba sai da ya mutu. Littafin yana kan kanta duk tsawon lokacin. Don haka in zan tsane ki, sai in fara ta kaina, kuma na gaji.

Taron bana ran sha biyar ga Oktoba ne. Ina son ki zo da Kumo. Kada ki ce Kawu. Baba ya ce zai sauko Nobeoka ya zauna da shi kwana uku, da bakinsa ya faɗa, ki gargaɗi Kawu cewa bai iya dafa komai ba sai ƙwai. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki ɗora akwatin a kan tebur, ki faɗi ranar da aka haife ta da sunan iyayenta. Sauran nawa ne.

Na riga na rubuta wa Shibayama. Ya turo mini kwalin alewa da ɗan kati, wai abin ya wuce, mu haɗu mu biyu mu sha shayi, a bar marigayi ya huta. Na mayar masa da kwalin ban buɗe ba. Ga abin da na aika wa takardar ƙungiya, na kuma aika wa kowane ɗaya daga cikin mutum arba'in ɗin gidansa, ko sun buga ko ba su buga ba:

Shugaba Shibayama, ni ne jikan Hatori Heizo, wanda ya riƙe masa kwat. Ranar sha biyar ga Oktoba zan kawo ɓeraye biyu masu launin toka, an haife su a gidaje biyu, daga iyaye masu launin yashi, kuma hatiminka yana gefen sunan kowane uba da kowace uwa. Ba na son shayi, ba na son ka ja ni gefe. A gaban mutum arba'in ka ce yashi da yashi ba sa haifar toka, a gabansu ka ja layi a kan sunan dattijon da matarsa ta rasu wata uku kafin nan. Ka zo da littafin, ka zo da biron. Ka tsaya inda ka tsaya, ka ɗaga murya yadda ka ɗaga, ka amsa mana: suna haifa, ko ba sa haifa? Heizo ya yi ƙarya, ko kai ne ba ka sani ba?

Ki zo, Goggo. Zan tare ki a tasha.

Rintaro